Zazzaɓi ya tafi, jiki bai dawo ba

Malam Habu Hedimasta: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambaya gare ni ga ma'aikatan lafiyarmu. Na ji a rediyo wai masu bincike sun tabbatar mutum kan tashi daga korona amma ya yi shekara ko fiye yana fama da kasala, haki da mantuwa. Abin da ya tsaya mini shi ne, korona ce kaɗai ke yin haka, ko har sauran cututtuka? Domin a ƙauyukan nan namu akwai waɗanda tun da suka yi wani zazzaɓi ba su ƙara komawa daidai ba, kuma kowa ya san su.

Alhaji Mai Taki: Wa alaikumussalam. Malam, don Allah a bar maganar koronar nan. An rufe mana kasuwa da masallaci, masu ci sun ci kuɗinsu, an wuce. Yanzu kuma za a dawo mana da ita ta bayan gida?

Sani na Asibiti: Alhaji ranka ya daɗe, batun cin kuɗi daban, batun cuta daban. Ka tuna wajen azumin 2020, lokacin da masu haƙar kabari a Kano suka fara kokawa kan yawan gawarwaki? Daga baya ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce an ƙirga mutum 979 da suka rasu a ƙananan hukumomi 8 na Kano, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin 100 suna da alaƙa da korona. To waɗanda suka mutu ke nan. Waɗanda suka kwanta suka tashi fa? A nan ƙauye wa aka yi wa gwaji? Mutum ya yi mura mai zafi, ya daina jin ƙanshin miya, ya sha maganin maleriya, shi ke nan. Yawancinmu mun yi ta ba mu san sunanta ba.

Alhaji Mai Taki: To ai mun warke. Ga mu nan.

Sani na Asibiti: Mafi yawa sun warke, alhamdu lillahi. Malam Habu kan sauran yake tambaya.

Auwalu Ɗan Jami'a: Bari in sa baki, da izinin manya. Tun watan Oktoban 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ma'anar abin, wato doguwar korona. A taƙaice, mutum ya kamu da korona, wata 3 ya wuce, alamomin rashin lafiya suna nan ko sun dawo, sun kai aƙalla wata 2, kuma an duba ba a samu wata cutar da za a ɗora wa laifin ba. Alamomin da aka tattara sun haura 200, amma uku sun fi yawa: gajiya mai tsanani, ƙarancin numfashi, da duhun kai, wato mutum ya kasa riƙe lissafi ko ya manta abin da ya shiga ɗaki zai ɗauko. Ƙiyasin hukumar yanzu kamar mutum 6 ne cikin 100 na waɗanda suka kamu, kuma mata sun fi maza.

Maman Ilham: Innalillahi. Wallahi kamar kana siffanta matar yayana. Mace ce da take daka dawa ita kaɗai, ta ɗebo ruwa, ta yi tuwon gida guda, ranar kasuwar Gujungu kuma ta soya ƙosai na sayarwa. Tun zazzaɓin da ta yi a shekarar kulle, in ta yi wanki yau, gobe da jibi tana kwance. Ba zazzaɓi, ba rama sosai, cin abinci tana ci. Uwar miji ta ce son jiki ne. Kishiya ba ta cewa komai, amma ita ma aiki ya yi mata yawa. Har ta kai ana cewa a mayar da ita gidansu ta huta.

Baban Khalifa: An gwada ruƙiya? Irin wannan da asibiti ba ya gani, sau da yawa sammu ne ko iska.

Maman Ilham: An yi ruƙiya, an sha rubutu, an yi hayaƙi. An kuma je kemis. Duk zuwa sai a ɗebi jini a ce maleriya da taifot, a ɗaura ruwa leda biyu, a yi allurai. Akuyarta da tunkiyarta duk sun tafi a haka.

Anti Ungozoma: Wannan "maleriya da taifot" ɗin shi ne ya cinye dabbobin matan ƙauye. Gwajin Widal da ake yi sau ɗaya a ce taifot ne, ba abin dogaro ba ne a wurin da mutane suka saba haɗuwa da ƙwayar tun suna yara, yakan nuna akwai ko da babu. Ƙarin ruwa kuma ga wanda yake ci yake sha, ba ya zawo ba ya amai, ba abin da zai ƙara masa sai fitsari. Amma mu ma muna da laifi, in ba a ɗaura mana ruwa ba sai mu ce likitan bai iya aiki ba.

Maman Ilham, abin da kika faɗa na aiki yau kwanciya gobe, riƙe shi da kyau, duk likitan da za a je wurinsa a faɗa masa da wannan lafazin. Alama ce da masu binciken suka ba muhimmanci ƙwarai.

Auwalu Ɗan Jami'a: Haka ne Anti. A farkon 2024 wasu masu bincike a Amstadam ta ƙasar Holan suka fitar da wani aiki a kai. Sun ɗauki masu wannan lalura 25 da mutum 21 da suka yi korona suka warke sarai, suka sa su tuƙa keken motsa jiki kamar na minti 15, suka yanki ɗan tsokar cinyarsu kafin tuƙin da kuma kwana ɗaya bayansa. A masu lalurar sai aka ga tsokar ta ji rauni bayan aikin, kuma sassan da ke samar da ƙarfi a cikin ƙwayoyin tsokar aikinsu ya ragu. Wato abin da uwar miji ta kira son jiki, an gan shi da ido a ƙarƙashin madubin likita.

Alhaji Mai Taki: Mutum 25! Yaro, ko layin sayen taki na safe ya fi haka. Da mutum 25 za a yanke wa duniya hukunci?

Auwalu Ɗan Jami'a: Gaskiyarka Alhaji, kaɗan ne, ba kowa ke yarda a yanki namansa ba. Amma akwai manya. A Amurka, Dakta Ziyad Al-Aly da abokan aikinsa sun bi bayanan asibiti na tsofaffin sojoji sama da 150,000 da suka yi korona, suka kwatanta da miliyoyin da ba su yi ba. A 2022 suka bayyana cewa cikin shekara guda bayan cutar, haɗarin ciwon zuciya, shanyewar ɓarin jiki da daskarewar jini a jijiya ya ƙaru, har ga waɗanda ba a kwantar da su a asibiti ba. Sun ga ƙarin ciwon suga ma. A Ingila kuma, jami'ar Imperial ta Landan ta yi wa mutum sama da 110,000 gwajin tunani da riƙe abu a ka, sakamakon ya fito a 2024. Waɗanda suka warke sun ɗan gaza kaɗan, waɗanda alamomin suka ƙi tafiya sun fi gazawa, waɗanda aka kwantar a ɗakin kulawa ta musamman su suka fi kowa.

Injiniya Ɗanladi: Ni ba na musun korona, amma a nan ina tare da Alhaji ta wata fuska. Tsofaffin sojojin Amurka akasarinsu dattawan Turawa ne maza, masu ƙiba, masu shekara sittin da ɗoriya. Me ya haɗa su da matar da ta haifi takwas a ƙauyen Taura, tana cin tuwo da miyar kuka, sauro na cizonta duk damina? In ta gaji, bayani goma ne a gabanmu kafin mu kai ga korona: ƙarancin jini, yunwa, haihuwa kusa da kusa, tsutsar ciki, tarin fuka, damuwa. Tsorona kada mu samu sabon suna mu riƙa liƙa wa kowa, kamar yadda komai ya zama basir da shawara a bakin masu lasifika a kasuwa. Gobe za ka ji mai magani a bayan mota yana tallan maganin doguwar korona.

Sani na Asibiti: Injiniya, wannan magana taka ta fi komai muhimmanci, kuma ba ta ci karo da ta Auwalu ba. Ai cikin ma'anar da ya kawo akwai sharaɗin a fara kore sauran cututtuka. Babu wani gwajin jini guda da zai ce ga ta. Ni in aka kawo mini mai irin wannan, ga yadda nake bi. A auna yawan jini. A auna hawan jini da suga. A yi gwajin maleriya na gaskiya, in babu a yarda babu. In akwai tari da ya wuce mako 2, ko rama, ko zufar dare, a kai majina a duba tarin fuka, gwajin da maganin duk kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. A duba ciwon hanta da cuta mai karya garkuwar jiki. Mace in ta haihu ba da daɗewa ba tana haki ƙafa na kumbura, zuciya za a duba da gaggawa, domin ciwon zuciyar bayan haihuwa ya yi yawa a ƙasar Hausa, likitocin Kano da Zariya sun daɗe suna rubutu a kansa. Mafi yawan masu zuwa wurina a nan ake kama abin, kuma yana da magani. Amma akwai ragowar da komai zai fito lafiya lau, mutum kuwa ba lafiya ba. Da can sai mu ce masa je ka, ba ka da komai. Wannan kalmar ce ke tura shi wurin boka. Yanzu aƙalla zan iya ce masa abin da kake ji gaskiya ne, an san shi, ga yadda za ka lallaɓa.

Shamsu Waya: Jama'a akwai sola mai batir biyu na sayarwa, farashi mai sauƙi, a yi mini magana ta gefe.

Malam Habu Hedimasta: Shamsu, ranar Juma'a ake talla a zauren nan, ka sani. Sani, ba a amsa mini rabin tambayata ba. Sauran cututtukan fa?

Anti Ungozoma: Malam, ai mu ba sai mun je Amurka ba. Ɗauki ƙyanda. Iyayenmu sun daɗe suna cewa yaron da ya yi ƙyanda sai a yi ta jinyarsa, yau zawo, gobe tari, jibi kunne na ruwa. A 2019 aka gano dalili. An auna jinin yara 77 a Holan da ba a yi musu rigakafi ba, kafin su yi ƙyanda da bayan sun yi. Sai aka tarar cutar ta goge musu kashi 11 zuwa 73 cikin 100 na garkuwar da jikinsu ya tara a kan wasu cututtuka. Yaro ya tsallake ƙyanda, bayan wata biyu ciwon huhu ya ɗauke shi, a ce ai ba ƙyanda ce ta kashe shi ba. Allurar wata 9 da ta wata 15 da muke bin ku gida-gida a kanta, abin da take tarewa ke nan.

Sai zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a garin Lassa na jihar Borno a 1969, ɓera ke yaɗa shi ta fitsari da kashinsa a kan abinci. Kusan 1 cikin 4 na waɗanda suka tsira suna samun kurumta. Wasu ji yakan ɗan dawo cikin wata 1 zuwa 3, wasu kuwa har abada.

Gwaggo Asabe: Ikon Allah. Akwai yaro a unguwarmu da ya dawo daga cirani a kudu da zazzaɓi, ya warke amma sai an ɗaga murya yake ji. Mu duk mun ɗauka maganin da ya sha ne.

Sani na Asibiti: Gwaggo, zai iya zama maganin ma, akwai allurai da ke taɓa kunne, sanƙarau ma yana kurumtarwa. A kai shi sashen kunne a babban asibiti, Dutse ko Kano, a auna jin nasa. Kada a ɗiga masa komai a kunne.

Auwalu Ɗan Jami'a: Ƙari a kan na Anti. Shan inna: waɗanda ta taɓa suna yara, bayan shekara 15 zuwa 40 wasunsu kan fara jin sabon rauni da gajiya a gaɓoɓi. An ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji a watan Agustan 2020, amma 'yan'uwanmu masu keken guragu da ta kama a shekarun baya yanzu ne suke shiga waɗannan shekarun. Ƙaranbau kuma ƙwayarsa ba ta barin jiki, takan kwanta a jijiya, sai mutum ya manyanta ta fito da ƙuraje masu raɗaɗi a ɓari ɗaya na jiki. Waɗanda suka tsira daga Ebola a Saliyo, Laberiya da Gini sun yi ta fama da ciwon gaɓoɓi da na ido. Korona dai ta kama mutane da yawa ne a lokaci guda, har da likitoci da masu kuɗi, shi ya sa aka zuba dukiya a binciken. Majalisar Amurka kaɗai ta ware dala biliyan 1.15 a ƙarshen 2020.

Injiniya Ɗanladi: Ka ga inda gizo ke saƙar. Kurman Lassa nawa aka kashe wa ko kashi ɗaya na wannan?

Baban Khalifa: To duk wannan kuɗin, sun samo maganin?

Auwalu Ɗan Jami'a: Har yanzu babu maganin da aka tabbatar yana warkar da ita. A jami'ar Stanford an ba masu lalurar Paxlovid, wani maganin korona, na kwana 15, sakamakon 2024 ya nuna bai fi ƙwayar bogi ba. Wani gwaji a Minesota ya nuna metfomin, maganin sugan nan, ya rage aukuwar lalurar da kusan kashi 40 cikin 100, amma ga masu ƙiba da aka ba su tun a kwanakin farko na kamuwa, ba bayan abin ya zauna ba. Dalilin lalurar ma ana kan bincike: ko ragowar ƙwayar ce ke ɓoye a jiki, ko garkuwar jiki ce ta ruɗe take yaƙar mai ita, ko ƙananan jijiyoyin jini ne suka lalace, ko wata tsohuwar ƙwaya ce ta farka. Abin da ya fito fili shi ne waɗanda suka yi rigakafi ba su cika samunta kamar waɗanda ba su yi ba.

Sani na Asibiti: Don Allah kada wani ya karanta wannan ya tafi kemis neman metfomin. Auwalu, ka riƙa sa wa maganarka birki, ka san mutanenmu.

Baban Khalifa: Kun gani ko? Bature ya ce ba shi da magani. Sai a koma ga Allah.

Malam Na'ibi: Baban Khalifa, ai ba a taɓa barin wurin Allah ba balle a koma. Addu'a da neman magani tafiyarsu ɗaya. Abin da nake ja a kai shi ne saurin cewa sammu, domin da an ce sammu sai a fara neman wanda ya yi, kuma a gidan mata biyu kun san inda yatsa zai nuna. Zumunci nawa ya lalace a haka? Sannan shari'a ba ta ce sai ciwo ya fito a fuska za a yarda da shi ba. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa Imrana ɗan Husaini ya yi salla a tsaye, in ba zai iya ba a zaune, in ba zai iya ba a kishingiɗe. In Ubangiji ya sauƙaƙa wa bawa a salla, uwar miji ta sauƙaƙa a turmi.

Maman Ilham: Allah ya gafarta Malam, da za ka faɗi wannan a wa'azin mata, da ka taimaki mutane da yawa. Anti, a aikace me za mu yi mata? Wani ya ce ta riƙa tilasta wa kanta aiki har jiki ya saba.

Anti Ungozoma: A'a, ga mai irin alamarta wannan shawarar cutarwa ce. Hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ma ta janye shawarar ƙara motsa jiki daki-daki ga masu ciwon gajiya mai naci tun 2021. Ta ɗauki ƙarfinta kamar hatsin rumbu a shekarar da damina ba ta yi kyau ba, a ɗebi na yau daidai, ba a buɗe shi duka don an ga rana ta yi kyau. Ranar da ta tashi da ɗan ƙarfi ita ce mai haɗari, don ranar za ta ce bari in rama wankin mako. Ta tsaya tun kafin ta gaji. Ta yi girki da wanke-wanke a zaune. Daka a kai inji. Ɗiban ruwa a ba yara. In ta tashi tsaye tana jin jiri da bugun zuciya, ta tashi a hankali, ta yawaita shan ruwa, a faɗa wa likita. Da yawa suna samun sauƙi a hankali cikin watanni ko shekaru, wasu kuma abin yakan daɗe. Amma kafin komai a yi gwaje-gwajen da Sani ya lissafa, a asibiti, ba a kemis ba. Ciwon ƙirji, kumburin ƙafa, haki ko ana zaune, ko karkacewar baki, waɗannan ba a kwana da su a gida.

Alhaji Mai Taki: Duk na ji. Amma manomi fa? Damina wata nawa ce? Ka ce wa mai gona ya huta ranar da ya ji ƙarfi, ciyawa za ta jira shi? Wannan shawarar masu albashi ce.

Injiniya Ɗanladi: Nan kam Alhaji ya kama ku.

Sani na Asibiti: Ya kama mu, ba musu. Sai dai wanda ya tilasta wa kansa noman kwana ɗaya ya kwanta kwana huɗu, shi ma ciyawar ba ta jira shi ba. Gara ya yi awa biyu da sanyin safiya kullum. Sauran kuma da gayya ake rufe irin wannan, ita ce muka bari ta mutu.

Alhaji Mai Taki: Gayya yanzu sai ka dafa shinkafa ka sayi lemo, kuɗin ya fi na 'yan ƙwadago.

Gwaggo Asabe: Anti, tunda ana maganar ciwon da ke kwanciya a jiki, ciwon hantar nan da ke kumbura wa maza ciki fa? Mun binne biyu a dangi, duk ba su kai hamsin ba.

Anti Ungozoma: Allah ya jiƙansu, Gwaggo. Shi ma sau da yawa bairos ne, nau'in B. Binciken ƙasa na 2018 ya samu kusan kashi 8 cikin 100 na manya a Najeriya suna ɗauke da shi. Jaririn da ya ɗauka wajen haihuwa, kusan 9 cikin 10 yakan zauna musu, ba alamar komai, sai bayan shekara talatin ko arba'in hanta ta ƙandare ko ta yi daji. Shi ya sa muke son allurar farko cikin awa 24 da haihuwa, ba bayan suna ba. Tunda an yi biyu a gida ɗaya, matansu da 'ya'yansu da 'yan'uwansu na ciki ɗaya duk su je a gwada su. Wanda ba shi da shi a yi masa rigakafi, wanda yake da shi akwai maganin da ke danne ƙwayar in likita ya ga ya kai a fara.

Gwaggo Asabe: Matan suna takaba tukuna, ɗaya ma saura wata guda.

Malam Na'ibi: Fita don lalurar asibiti ba ta ɓata takaba, Gwaggo. Su je da rana su dawo su kwana a ɗakinsu.

Sani na Asibiti: Ki turo su ranar Talata da safe, kafin layin masu awo ya yi tsawo. Su taho da katin rigakafin yaran.